Layin da ke Yankewa da Asuba: Nazarin Matsalar Zaren Haske Tsakanin Harabobi Biyu

Yadda layin yake tun farko

Wata jami'a tana da harabobi biyu, kuma idan aka bi hanyar da kebul ya bi, tazarar da ke tsakaninsu kilomita 8 ce. A babbar harabar ake ajiye manyan kwamfutocin adana bayanai, ƙaramar kuwa ɗakunan gwaje-gwaje ne da ofisoshi. Abin da ya haɗa su shi ne kebul na zaren haske, wanda masu sana'ar suka fi kira faiba, an rataye shi a kan turaku a mafi yawan hanyar. Zare biyu jami'ar take amfani da su a cikinsa, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, kuma akwai akwatunan haɗi biyar a hanya, inda aka yi wa zaren walda.

Zaren irin wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta yi wa lamba G.652 ne, wato mai tafarkin haske guda. Gilashin silika ne mai kaurin maikromita 125 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kusan kaurin gashin kan mutum, an lulluɓe shi da rigar roba da ta kai kaurinsa maikromita 250. A tsakiyar gilashin akwai zuciya mai faɗin kimanin maikromita 9, wadda aka gauraya mata jamaniyam kaɗan don haske ya ɗan fi tafiya a hankali a cikinta fiye da gilashin da ya kewaye ta. Ma'aunin karya haske na gilashin, wato ma'aunin yadda yake rage saurin haske, yana wajen 1.46, bambancin zuciya da kewayenta kuwa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ɗan bambancin shi kaɗai ne yake tsare haske a cikin zaren, domin hasken da ya taɓo iyakar zuciya a kwance yakan koma ciki gaba ɗayansa. Duk abin da za a ba da labarinsa a nan ya rataya ne a kan ƙanƙantar wannan bambanci.

Shekara shida layin yana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 1310 ba tare da an kai ƙara ba (tsawon zango shi ne ke bambanta launin haske da wani, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A shekara ta huɗu wata babbar mota ta ja kebul ɗin ta tsinka shi a daidai kilomita 5.2 daga babbar haraba, aka gyara cikin dare, aka rataye sabon akwatin haɗi a kan turke, wanda yake ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, layi ya dawo, aka rufe maganar.

Ƙarin da aka yi wa layin

Da buƙata ta ƙaru, maimakon a ja sabon kebul sai aka zaɓi a ɗora launukan haske huɗu a kan zaren da ake da shi, kowanne da nasa aikin: nanomita 1551, 1571, 1591 da 1611. A kowane ƙarshe aka sa ɗan akwatin da ke haɗa launukan ya kuma raba su.

An yi lissafin asarar haske a takarda kafin a fara. Ana auna wannan asara da desibel, ana rubuta dB, kuma kowane dB 3 na nufin rabin hasken ya tafi. A 1966, lokacin da Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa ƙazantar da ke cikin gilashi ce ke cinye haske, burinsu shi ne a sauko da asarar zuwa dB 20 a kilomita, kuma kamfanin Corning ya cim ma hakan a 1970. Zaren yau yana asarar kimanin dB 0.35 a kilomita a 1310, da kimanin dB 0.2 a 1550. Saboda haka lissafin ya ba da dB 1.6 na zaren kansa, dB 0.5 na walda biyar, dB 0.6 na kawunan haɗi, da dB 3 na akwatunan raba launi, jimilla dB 5.7. Na'urorin aikawa da karɓa da aka saya suna jure asarar da ta kai dB 12. A takarda, akwai rarar fiye da dB 6.

An yi aikin a lokacin zafi. Fitilun na'urori huɗun suka kama kore, bayanai suka wuce, kuma ba wanda ya rubuta yawan hasken da ke isa ɗaya ƙarshen a wannan rana.

Mako na farko: fara yankewa

Bayan wata huɗu, da sanyi ya fara shigowa, launin 1611, wanda ke ɗauke da kwafin bayanan da ake turawa ajiya kowane dare, ya fara yankewa tsakanin ƙarfe huɗu da shida na asuba, sannan ya dawo da kansa bayan rana ta fito. A zaren zuwa kaɗai hakan ke faruwa. Sauran launuka uku suna nan lafiya.

Abu na farko da aka yi shi ne canza na'urar aikawa da ta karɓa a duka ƙarshen biyu, sannan aka canza musu kafa a jikin na'urar rarraba bayanai. Ba abin da ya sauya. A rana ta biyar aka yi wani gwaji mai sauƙi: aka mayar da aikin ajiya kan launin 1551, aka ɗora aikin da ke 1551 a kan 1611. Da asuba 1611 ya sake faɗuwa da sabon aikin da ke kansa, aikin ajiya kuwa ya wuce lafiya. An rubuta wannan sakamako a littafin aiki da cewa matsalar ba ta kwamfutar ajiya ba ce, aka tsaya a nan.

Mako na biyu: zargin lantarki da bazuwar haske

Kebul ɗin yana raba turaku da wayoyin lantarki a wani ɓangare na hanya, kuma da yake matsalar tana zuwa a lokaci guda kullum, wasu suka yi zaton wata babbar na'ura ce ake kunnawa da asuba. An kashe kwana uku ana duba wutar ɗakunan na'urori da wayar ƙasa. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki, kuma maganaɗisun wayar wuta ba ya taɓa hasken da ke cikin zare, don haka inda lantarki zai iya yin ɓarna kawai shi ne a na'urorin da ke ƙarshen biyu. Bayanan batirin ajiyar wuta sun nuna wutar ba ta motsa ba a awannin da ake magana.

Sai aka koma kan bazuwar launi. Hasken leza ba launi ɗaya tak ba ne, yana da ɗan faɗi, kuma ɓangarorinsa ba sa tafiya da sauri ɗaya a cikin gilashi, don haka ƙyaftawar haske takan miƙe idan ta yi nisa har ta shiga ta bayanta. A zaren G.652 wannan bazuwa kusan sifili ce a wajen 1310, amma a 1550 tana kai kimanin fikosakan 17 a kowane nanomita a kowace kilomita (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan). Zargin yana da tushe, tunda an bar 1310 an koma inda bazuwar take. Sai dai na'urorin an yi su ne su jure bazuwar layi mai kilomita 40, wannan kuwa kashi ɗaya cikin biyar ne na hakan, kuma bazuwa ba ta jiran asuba. Aka ajiye wannan ma. A ƙarshen makon launin 1591 ya fara nuna kurakurai a awannin nan, ko da yake bai yanke ba.

Mako na uku: goge kawunan haɗi

An kawo madubin duba kan zare, aka bi kawunan haɗi ɗaya bayan ɗaya. A ƙaramar haraba aka tarar da maiƙon yatsa da ƙura a kan guda ɗaya, daidai kan zuciyar. A zuciya mai faɗin maikromita 9, ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani tana iya tare wani yanki na hanyar haske, ko ta hana gilashin biyu haɗuwa, kuma duk inda iska ta shiga tsakanin gilashi da gilashi, kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken yakan koma baya a kowace fuska. Aka goge, aka sake dubawa, aka mayar. Hasken da ke isa ya ƙaru da dB 0.6 a kowane launi.

Dare huɗu a jere layin bai yanke ba, aka rubuta cewa an gama. Daga baya, da aka koma kan bayanan yanayi, aka ga dararen nan huɗu na gajimare ne, sanyinsu bai kai na kwanakin baya ba. A dare na biyar sama ta washe, 1611 ya faɗi da ƙarfe biyar saura.

Mako na huɗu: awon farko da na'urori masu ƙarfi

An kira ɗan kwangila ya auna layin da na'urar OTDR. Wannan na'ura tana harba gajeriyar ƙyaftawar haske cikin zare, tana sauraron ɗan abin da gilashin ke warwatsowa baya, kuma da yake haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi, lokacin da amsar ta ɗauka yana nuna nisan wurin da ta fito. Abin da take zanawa layi ne mai gangara a hankali, da matakala a duk inda aka yi asara.

Da tsakar rana aka yi awon, kuma da launi ɗaya, 1310, domin da shi aka auna layin ranar da aka ja shi kuma ana so a kwatanta. Akwatuna huɗu sun nuna ƙasa da dB 0.1 kowanne. Na kilomita 5.2 ya nuna dB 0.3. Rahoton ya kira shi walda marar kyau sosai amma wadda ba ta wuce iyaka ba, ya kuma ce layin lafiyarsa ƙalau.

Tunda an wanke zaren daga laifi, sai aka aro na'urori biyu masu ƙarfin da aka yi don layi mai nisa, aka sa wa 1611. Yankewar ta tsaya. Amma da sanyi ya ƙaru a makon, kurakuran 1591 suka yawaita har ya fara faɗuwa shi ma na 'yan mintoci, aka fara maganar sayen irin waɗannan na'urori ga launukan huɗu duka.

Mako na biyar da na shida: rubuta awo dare da rana

Kafin a amince da sayen, ɗaya daga cikin injiniyoyin ya nemi a ba shi kwana goma. Kowace na'urar karɓa tana iya faɗin yawan hasken da ke isa gare ta, don haka ya sa kwamfuta ta riƙa rubuta wannan adadi kowane minti biyar ga launuka huɗun, ya kuma rataye ma'aunin zafi a waje.

Abu biyu suka fito fili. Na farko, asarar tana bin zafin iska sau da ƙafa: da zafi ya sauka hasken ya ragu, da rana ta ɗaga ya dawo. Tsakanin tsakar rana da asuba, 1551 yana motsawa da kimanin dB 1.2, shi kuwa 1611 da kimanin dB 3.5. Na biyu, ko da tsakar rana babu launin da ke kusa da dB 5.7 na takarda, kuma asarar tana hawa bisa tsari daga gajeren zango zuwa dogo, har 1611 ya kai sama da dB 9.

Abu na biyun shi ya buɗe ƙofa. A zare mai lafiya, mafi yawan asara tana zuwa ne daga warwatsuwar haske a kan ƙananan rashin daidaito da suka daskare a cikin gilashi lokacin da ake jansa, kuma wannan warwatsuwa tana raguwa da sauri idan zango ya ƙara tsawo, shi ya sa 1550 ya fi 1310 nisan tafiya. Can wajen 1600 gilashin kansa yakan fara shan haske, amma a kilomita 8 bambancin 1551 da 1611 bai kamata ya wuce ɗan ɓangare na dB ɗaya ba. Datti da mummunar walda kuma kusan daidai suke cin kowane launi, kamar yadda dB 0.6 na mako na uku ya nuna. Abin da aka sani yana cin dogon zango fiye da gajere da irin wannan rata shi ne lanƙwasa.

Dalilin yana cikin yadda haske yake zama a zaren. Ba duka yake cikin zuciya ba, wani gefensa yana tafiya ne a cikin gilashin kewaye. Faɗin tabon hasken kimanin maikromita 9.2 ne a 1310, amma a 1550 yakan kai kimanin 10.4, wato dogon zango ya fi leƙowa waje, riƙon da zuciya ta yi masa kuma ya fi sako-sako. Idan zare ya karya kwana, gefen hasken da ke bayan kwanar dole ya yi tafiya mai tsawo fiye da na ciki a lokaci guda, kuma akwai iyakar saurin da haske zai iya yi a cikin gilashin. Duk abin da ya faɗa bayan wannan iyaka sai ya rabu da sauran ya fice. Asarar ba ta hawa a hankali yayin da kwanar ke tsukewa: takan zauna kusan sifili, sannan ta yi tsalle cikin 'yan milimitoci. Saboda haka ne ake cewa kada a naɗe irin wannan zare a da'irar da faɗinta ya gaza milimita 60.

An sake kiran mai OTDR, a wannan karon da ƙarfe biyar na asuba, da launuka uku. A kilomita 5.2, zaren zuwa ya nuna dB 0.4 a 1310, dB 3 a 1550, da dB 8 a 1625. Matakalar ba ta da tsinin hasken da ke komawa baya, wanda da tsaga ce ko gibin iska da an gan shi.

Mako na bakwai: buɗe akwatin

A cikin kebul, zaren yana kwance ne sako-sako a cikin siririn bututun roba. A akwatin haɗi ana yanke bututun, a ɗaure bakinsa a jikin faranti, a naɗe ragowar zaren a da'ira mai faɗi kafin a kai ga waldar. Da aka sauko da akwatin kilomita 5.2 aka buɗe, sai aka tarar masu gyaran dare sun bar zare gajere ƙwarai, bai isa zagaye farantin ba, don haka suka ratsa da shi kai tsaye. Zaren zuwa ya maƙale tsakanin bakin bututu da wata ƙugiyar faranti, ya yi ƙusumbi mai faɗin kusan milimita 20. Da aka haska jan leza mai nanomita 650 daga haraba, wurin ya yi ja a fili.

Nan ne alaƙar matsalar da sanyi ta bayyana. Silika kusan ba ta motsi da zafi: tana miƙewa ko tsukewa da kimanin kashi 0.55 cikin miliyan a kowane digiri. Robar bututu tana yin fiye da ninki ɗari na hakan. Idan zafi ya sauka da digiri 15, mita ɗaya na irin wannan roba yakan rage da milimita ɗaya da wani abu, alhali gilashin da ke ciki bai rage ko kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ragowar zaren sai ta turo ta bakin bututu. A faranti mai da'ira mai faɗi wannan ba komai ba ne, da'irar ce za ta ɗan buɗe. A nan kuwa ba inda za ta je sai cikin ƙusumbin, wanda ya riga ya kai inda milimita ɗaya ke da tsada.

An yi muhawara a gindin turken kan ko a saki zaren kawai a rufe, tunda da aka zare shi daga ƙugiyar asarar ta faɗi nan take. Aka ƙi, saboda ƙarfin gilashin. A masana'anta ana jan kowane zare da ƙarfin da ke miƙa shi kimanin kashi 1 cikin ɗari na ɗan lokaci kaɗan, don wuraren da ke da rauni su karye tun a can. A da'irar milimita 60, bayan gilashin yana miƙe da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari, a ta milimita 20 kuwa kimanin kashi 0.6, kuma wannan zare ya shafe fiye da shekara biyu a haka, a cikin akwatin da aka tarar da danshi a ƙasansa. Danshi yana cin bakin ƙananan tsagogin da ke jikin gilashin da ke ɗaure, suna girma a hankali har ranar da zai karye ba gargaɗi. Don haka aka kwance ragowar kebul da ke naɗe a turke, aka yanke ɓangaren da ya wahala, aka fere sabon bututu da zare fiye da mita ɗaya, aka ɗaure bakinsa, aka naɗe zaren yadda farantin ya tanada, aka sake walda duka biyun, aka canza robar murfin.

Bayan gyara

Awon asubar da ta biyo baya ya ba da dB 0.05 a 1310, dB 0.06 a 1550, da dB 0.07 a 1625. An mayar da na'urorin aro, aka maido na asali. Da aka bi sauran akwatuna huɗu da launuka uku, ɗaya ya nuna dB 0.5 a 1625 alhali ba ya nuna komai a 1310, aka buɗe aka tarar da maɗaurin roba da aka tsuke fiye da kima, aka gyara. An ci gaba da rubuta awo har wata uku, wanda ya haɗa da mafi sanyin kwanakin shekarar, kuma motsin dare da rana bai kai dB 0.3 a kowane launi ba.

Hukunci

Alamu biyun da suka warware matsalar suna cikin littafin aiki tun rana ta biyar: matsalar tana bin launi mafi tsawon zango, kuma tana bin awar da ta fi sanyi. An karanta su a matsayin labarin na'urori, domin hankalin kowa yana kan abin da ke da fitila da maɓalli, an ɗauki zaren kamar bututun da ko dai a buɗe yake ko a toshe. Masu gyaran dare sun yi kuskure, amma a 1310 kuskurensu bai wuce dB 0.4 ba, kuma da 1310 aka karɓi aikinsu. Babban gibin yana ranar da aka ƙara launuka: da an rubuta hasken da ke isa aka kwatanta da dB 5.7 na takarda, da an ga ratar tun lokacin zafi, wata huɗu kafin yankewar farko.

Goge kawunan haɗi aiki ne da ya kamata, laifin yana wajen rufe magana bayan dare huɗu ba tare da an tambayi ko dB 0.6 ya isa ya bayyana abin da ake gani ba. Awon OTDR na farko daidai yake a abin da ya auna, sai dai an yi shi da launin da layin ya daina amfani da shi, a awar da matsalar ba ta nan. Matakin da ya fi tayar da hankali shi ne na na'urori masu ƙarfi, domin shi kaɗai ne ya yi kama da nasara. Da an saya wa launuka huɗun, da ƙara ta ɗauke, zaren kuma ya ci gaba da zama a tanƙware cikin danshi har ya karye, ya tafi da ayyuka huɗu lokaci guda. An kuma yi maganar sauya zaren da nau'in G.657, wanda ke jure kwana mai tsauri, har da'ira mai faɗin milimita 20 ko 15 gwargwadon ajinsa. Yana da amfani a cikin gine-gine, inda wuri ya yi ƙunci, kuma da shi za a yi sababbin igiyoyin haɗi na ɗakunan na'urori, amma a kan turke farantin yana da fili isasshe, zare ne aka bari gajere.

Takardar karɓar aiki ta jami'ar yanzu tana da gurbin awo a 1310, 1550 da 1625, da gurbin awa da zafin iska, kuma duk haɗin da bambancinsa tsakanin 1310 da 1550 ya wuce dB 0.2 ana buɗe shi kafin a sa hannu. A asubar da ta fi kowace sanyi cikin watanni ukun, jimillar asarar launin 1611 daga haraba zuwa haraba dB 5.9 ce.